Tohon Lalle a Ƙarƙashin Kasko

Shekarar da maigidana ya rasu aka yi wani sanyi a ƙasar Haɗeja wanda ban taɓa ganin irinsa ba, ban kuma sake gani ba. Lokacin Turawa suna can suna yaƙinsu. Mu a ƙauyenmu na bakin kogi, abin da ya iso mana daga yaƙin nan shi ne tsadar gishiri da ta ƙyalle, sai kuma maganar alkama. Malamin gona ya zo a kan keke ya ce Nasara na son alkama, duk mai fili kusa da ruwa ya shuka. Tun daga ranar maza suka zauce. Kowa ya hangi ɗan tafin hannu na ƙasa inda jigo zai iya kai ruwa, sai yawunsa ya tsinke.

Ni kuwa ina da irin wannan wurin. Ɗan lambu ne a bisa gaɓa, ambaliya ba ta hawansa, jigo kuma yana kai masa. Ƙasar ta dangin mijina ce, amma lallen da ke kai nawa ne, da hannuna na dasa. Irin kakata ne, da ta taso da shi daga wajen Tafkin Cadi a ƙulle a bakin zane, kuma duk yankin nan ba lallen da ke kama fata kamarsa. A wajenmu abin da mutum ya dasa nasa ne, ko a gonar wa yake, muddin dashen yana da rai. Ranar da ya mutu, ƙasa ta koma ga masu ita.

Da lallen nan nake rufa wa kaina asiri. In tsinko, in shanya a inuwa, in daka, in kai kasuwar Haɗeja, wani lokaci har Kafin Hausa. 'Ya'yana biyu: yarinya da ta soma famfara, da namiji a goye. Bayan sadakar bakwai uwar mijina, wadda nake kira Inna, ta faɗa mini gaskiya ba rufi. Gidan ba shi da ƙarfin ɗaukar baki uku. In zan iya ci da kaina, ga ɗakina nan, in zauna da 'ya'yana. In ba zan iya ba, in koma gidan mahaifina wajen Birniwa da na goye, yarinyar kuwa ta zauna cikin dangin ubanta. Na ce na ji, na gode. Ina da lalle, me zai dame ni?

Sai dai duk tsawon sanyin nan ina cikin takaba. Ban leƙa ko zaure ba. A da, in sanyi ya kunno kai, marigayin ne ke kafa wa lallen zana ta ɓangaren arewa, domin sanyin fadama ba wasa gare shi ba, kwanciya yake yi a kan shuka har hantsi. Na aika wa ƙanin mijina ya taimaka ya kafa. Ya ce to. Na sake aikawa, ya sake cewa to. Ashe to ɗin ke nan.

Ranar da na fita takaba, ko gaishe-gaishe ban gama ba na saɓi ɗana na nufi bakin kogi. Wayyo Allah! Tun daga nesa na hango lambun. Babu ganye ko ɗaya. Rassan sun yi fari fat, kawunansu sun yi baƙi sun ƙanƙance, kamar tsofaffin tsintsiya da aka kakkafa a ƙasa. Na taɓa wani reshe, ya karye ƙas. Nan na zauna a ƙasa na yi kukan da ko ranar mutuwar ban yi ba.

A haka aminiyata ta same ni. Lambun mijinta yana bayan nawa, nesa da ruwa, kullum suna fama da jido da tulu. Wata guda aka kawo mu garin muna amare, ni da ita. Ita ta riƙe ni ranar naƙudar fari, ni na shayar da ɗanta lokacin da nononta ya yi ciwo. Duk takabar nan kullum sai ta shigo, ko da ɗan kifi ne a ƙoƙo. In aka ce in nuna wanda na yarda da shi a duniya bayan mahaifiyata, ita zan nuna ba tare da na yi tunani ba.

Ta ce, "Haba ƙawa, tashi. Kuka zai fito da ganye? Duba gindin mana."

Na share hawaye, na sunkuya, na sa farce na kankare ɓawon wani gindi daf da ƙasa. Kore ne shar, har da danshi. Na bi su ɗaya-ɗaya ina kankarewa. Kaɗan sun tafi, amma yawancinsu da sauran numfashi. Muka kama hannun juna muna dariya da majina kamar yara.

Ban kwana biyu ba sai ga ƙanin mijina ya kai magana gaban Bulama, wai lalle ya mutu, a ba shi filin gidansu ya gyara kafin damina, ya shuka alkama in ruwa ya janye. Shi dai ban ga laifinsa sosai ba. Tun ina amarya muke ba'a da shi, na san kwaɗayinsa, shi ma bai taɓa ɓoyewa ba. Ya dube ni a ƙofar Bulama ya ce, "Yaya, ki yi haƙuri, itacen wuta kike gadi."

Na ce, "Bakinka ya sari ɗanyen kashi. Kai da aka ce ka kafa zana ka ƙi, yanzu kai ne mai kawo labarin mutuwa?"

Bulama ya tsawatar mana. Dattijo ne mai son a zauna lafiya. Ya ce ya ba ni daga ranar har wata ya mutu wani ya tsaya, Jumma'ar da ta biyo baya zai zo da dattawa su duba. In sun ga ganye, ko guda ne, lambu nawa. In ba su gani ba, shi ke nan. Na ce, "Ranka ya daɗe, na yarda."

Aiki ya tashi. Abin da kakata ta koya wa mahaifiyata, ita kuma ta koya mini, shi na bi. Lallen da sanyi ya daka ba a lallaɓa shi, sare shi ake yi. Na wasa lauje na bi kowane gindi na datse, ban bar abin da ya wuce taƙi guda daga ƙasa ba, raina yana ciwo ina yi. Na kwaɓa toka da ɗan laka na shafe kan kowane sara don kada rana ta tsotse shi. Na sassauta ƙasar da fartanya a hankali, gudun taɓa saiwa. Fulani sun sauka da shanunsu a fadama kamar yadda suka saba da rani, na je mashekarinsu na roƙi busasshen taki, wanda ya daɗe ya huce, don ɗanye ƙona shuka yake yi. Na tone wa kowane gindi ɗan gurbi na zuba.

Ruwa kuwa shi ne wahalar. Mai jinya ba a ɗura masa abinci. In ka malala wa lalle mai rauni ruwa, saiwar ruɓewa za ta yi. Kuma ba a ba shi ruwan asuba mai sanyi. Sai in ja jigo tun da safe in cika tuluna, in jera su a rana, sai hantsi ya ɗaga sun yi ɗumi sannan in bi da ƙoƙo, kowa da rabonsa. Jigo aikin maza ne, kafaɗata ta yi tsami har ba na iya ɗaura goyo. Masunta in sun wuce a kan gorarsu sai su yi mini tsiya, wai ga mai shayar da turaku. In ce musu su ji da kifinsu.

Duk wannan aminiyata tana tare da ni. In ina jan jigo ita ke riƙe yaron. Ita ta taya ni saro ƙaya muka kewaye wurin saboda awaki. Da rana mu zauna a inuwar zana mu dama fura a ƙwarya guda, ludayi ɗaya, ita ta sha ta miƙo mini. Har na ce mata, "Ƙawa, ganyen farko da zan daka, ke zan ƙunsa wa, hannu da ƙafa." Ta yi dariya ta ce Allah ya kai mu.

Sanyi ya tafi, zafi ya soma shigowa. Wata safiya na yaye ƙaiƙayin da na lulluɓe wani gindi da shi, sai na ga wani ɗan abu ja-ja ya ɓullo a jikin ɓawon, bai fi ƙwayar gero ba. Na duba na kusa, ga wani. Toho! Na ƙwala mata kira, ta zo a guje ta durƙusa ta gani da idonta. Na ce yanzun nan zan tafi in kira Inna da matan unguwa, har Bulama ma in zai zo, kowa ya zo ya gani.

Ta riƙe mini zane. Ta ce, "Ke ƙawa, kina da hankali kuwa? Abu ɗanye haka za ki tara masa idanu? Jariri ma sai ya kwana bakwai ake fita da shi. Kin manta kambun baka? Mutum ɗaya ya ce kai, lallen nan ya yi kyau, shi ke nan an gama da ke. Ga kuma mai son filin, in ya ji, me zai hana ya sako akuya? Rufe abinki ki yi shiru, ranar Jumma'a kya buɗe su sha mamaki."

Maganarta ta shige ni, don gaskiya ce a wajen kowa. Wace mace ce ke shelar cikinta tun yana wata biyu? Haka aka rene mu, abin da kake so ka ɓoye shi har ya yi ƙwari. Muka bi juji muka tsinto fasassun tukwane da kasake, muka kife a kan kowane gindi, muka tokare gefe da ɗan dutse don iska da haske su shiga. Mai wucewa zai ɗauka inuwa na yi musu. Ko Inna da ta tambaye ni ya jikin lambu, cewa na yi muna dai addu'a.

Kullum in na ɗaga kaskon sai in ga sun ƙaru. Jan ya juye kore, 'yan ganyayyaki suka buɗe bibbiyu, masu taushi kamar kunnen jariri. Ina yi musu magana, wallahi. Ranar Alhamis da la'asar na ba su ruwa na mayar da kasaken, na koma gida na wanke wa 'yata kai na yi mata kitso, ina raira waƙa. Inna har ta ɗago ta dube ni.

Jumma'a bayan an sauko daga masallaci Bulama ya zo da dattawa biyu, da ƙanin mijina, mata kuma suka tsaya daga bayan ƙaya. Ban je da safe ba, na ce kada in yi ta ɗagawa rana ta taɓa su. Na shiga gaba da ƙarfina, na durƙusa, na ce bismillah, na ɗaga kasko na farko.

Babu komai. Kututture ne kawai.

Na ɗaga na biyu. Na uku. Na bi layin nan ina jifa da kasake, gwiwoyina suna gurzar ƙasa. Ko ɗigon kore babu. Ba akuya ba ce, akuya fizga take yi ta bar zare-zare, kuma ba ta mayar da murfi. An bi kowane toho an tsinke shi daga tushe, an shafe gurbin da toka da laka, sumul, daidai yadda nake yi. Ko ganye ɗaya ba a bari ya faɗi a ƙasa ba.

Na ce, "Ranka ya daɗe, jiya suna nan! Wallahi tallahi suna nan! An tsinke ne!" Na nuna ƙanin mijina na ce shi ne. Ya rantse da abin da zai kashe shi bai taka wurin ba, tun Laraba yana Miga wajen ɗaurin aure, da hantsin nan ya dawo, dattawan kuma suka shaida. Na ce to a kankare ɓawon a gani, da ransu. Ƙanin mijina ya ce ko itacen da aka kayar yana wata guda da kore a cikinsa. Bulama ya gyaɗa kai ya ce ganye ya ce, ba ɓawo ba. Sannan ya tambaye ni, "'Yata, akwai wanda ya gani ban da ke?"

Sai na ji sanyi a raina. Na ce akwai. Na juya na kira aminiyata. Ta matso bakin ƙaya, hannuwanta cikin mayafi, idonta a ƙasa. Na ce, "Ƙawa, gaya musu."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ni dai ina taya ta ban ruwa. Ta taɓa nuna mini wani ɗan abu, amma ban tantance ba, ko ciyawa ce. Ka san mai takaba, zuciya ba ta gama dawowa ba. Ba zan rantse a kan abin da ban tabbatar ba."

Ban fahimta ba ma a lokacin. Na ɗauka tsoron maza ne ya kama ta. Bulama ya ce Allah ya ba ni haƙuri, fili ya koma ga masu shi, aka shafa fatiha aka watse. Ni ina zaune cikin fasassun kasake. Ta shigo ta durƙusa kusa da ni, ta ciro hannu ta kama nawa tana cewa in bar wa Allah.

Nan na gani. Babban yatsanta da manuni, na hannun dama, bakinsu ya rine ja, har ƙarƙashin farce. Sauran hannun fari tas. Wanda ya yi ƙunshi tafinsa duka ke kamawa. Wannan jan na mai tsinkar ɗanyen ganye ne, na san shi, shekara nawa ina yawo da shi a yatsuna. Kuma a wannan bazarar, duk faɗin garin, ɗanyen ganyen lalle a wuri ɗaya yake.

Na damƙe hannun na ɗaga shi saitin fuskarta. Na ce, "Mene ne wannan?"

Ta ce goro ne. Na ce, "Goro a gidan uban wa? Ni za ki gaya wa kalar lallena?" Ta fizge, ta fashe da kuka, magana ta zubo. Ƙanin mijina ya gaya wa mijinta, a hira kawai, in filin ya dawo hannunsa zai bar su su ja hanyar ruwa ta ciki zuwa lambunsu, su ma su shuka alkama. Bai ce a taɓa komai ba. Ita ce ta ga toho ya fito, ta ga ruwan zai wuce su. Da sassafe ta zo, ganyen kuma ta zuba a kogi. Tana cewa, "Ƙawa, wuyana ya gaji da tulu. Ke yarinya ce, za ki yi wani auren."

Hanyar ruwa! Abin da faɗinsa bai kai kamu ɗaya ba. Na ce, "Shekara nawa muna cin tuwo a akushi ɗaya, kin taɓa buɗe baki kin roƙe ni na hana? Da kin tambaya, wallahi da ni zan haƙa miki da hannuna. 'Yata fa? Kin san abin da ke kan lallen nan, a gabanki Inna ta faɗa!" Na ce Allah ya isa tsakanina da ita, na faɗa da ƙarfi yadda har masunta a kogi sai da suka waiwayo. Ban janye ba har yau, kuma kada wanda ya zo mini da wa'azi.

Na koma wurin Bulama a ranar. Ya ce a kira aminiyar tawa. Kafin ta zo ta riga ta kwaɓa garin lalle ta cusa hannuwan duka biyu a zunguru. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce magana ta riga ta ƙare, kada in tayar da fitina tsakanin maƙwabta. Mata suka soma cewa baƙin ciki ya taɓa ni.

Da na ce a jira ko mako guda su sake tohowa, ƙanin mijina bai jira ba. Washegari ya sa gatari. Bayan 'yan kwanaki ya turo kututturan a kan jaki, an faskara, wai hakkina ne, ni na dasa. Na zaɓi masu ɗan dama na soka a bayan ɗaki ina ba su ruwa, amma rana ta riga ta gama da su. Sauran na tura a murhu ranar da zan yi tuwona na ƙarshe a gidan. Suka ƙi ci. Sai hayaƙi, sai tsuwa, ruwa yana kumfa ta gindinsu. Inna ta fito tana tari, ta tsaya a kan murhun ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Ashe da ransu." Ta koma ɗaki. Iyakar shaidar da na samu ke nan.

Na tafi Birniwa da na goye. 'Yata ta biyo ni har bakin gari tana riƙe da zanena, sai da aka ɓamɓare ta. Daga baya na yi wani auren, kamar yadda aka yi mini fata. Nakan je ganinta in an samu dama, shekara-shekara, wani lokaci ba a samu. Inna ta tsufa, yarinya kuwa tana son inda za a tsefe mata kai a yi mata kitso, ga gidan maƙwabta a buɗe. Can ta saba. Ban gaya mata komai ba, don a garin za ta zauna, ba ni ba.

Da aurenta ya tashi aka aiko mini kamar yadda ake aika wa baƙi. Na iso ranar sa lalle, na tarar da tsakar gida cike, ana guɗa. Aka shimfiɗa mini tabarma a gefe, aka kawo mini ruwa. Ina zaune aka fito da 'yata a lulluɓe, aka zaunar da ita. Matar nan, tsohuwar aminiyata, ita ce ta durƙusa a gabanta da ƙwaryar lalle, ta kamo ƙafarta ta ɗora a cinya ta soma shafawa. Na ji 'yata daga cikin mayafi tana ce mata, "Umma, a hankali, da sanyi."